Hutun Kaka a Bakin Tafkin Windermere Ba Tare da Mota Ba: Nazarin Shirin Wani Iyali

A arewa maso yammacin Ingila, cikin gundumar Cumbria, akwai wani yanki mai tsaunuka da kwaruruka da tafkuna wanda mutanen ƙasar ke kira Lake District. Gwamnati ta keɓe shi a matsayin gandun shaƙatawa na ƙasa a 1951, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin wuraren gado na duniya a 2017. Miliyoyin mutane ne ke zuwa kowace shekara, mafi yawansu da motocinsu, abin da ya sa masu masaukai da masu ba da kwatancen hanya kan ɗauka cewa duk baƙon da zai zo yana da abin hawansa. Wanda ba shi da mota yana iya zuwa ya huta yadda yake so, domin akwai jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa, sai dai tsarin da zai yi ya sha bamban da na mai mota tun daga tushe, musamman idan lokacin kaka ya zaɓa, lokacin da ganyen itatuwa ke komawa ja da ruwan ɗorawa, rana ke gajarcewa, kamfanonin sufuri kuma ke shirin rage zirga-zirga.

Mu ƙaddara iyali ne mai mutum biyar da ke zaune a Manchesta: maigida da uwargida, da 'ya'yansu biyu, ɗaya mai shekara 10 ɗaya mai shekara 6, sai mahaifiyar maigidan, Hajiya, wadda ta zo musu ziyara, tana kuma fama da ciwon gwiwa. Ba su da mota, ba su kuma da niyyar ɗaukar haya. Lokacin da suke da shi kaɗai shi ne makon hutun tsakiyar zango na makarantu, wanda a yawancin Ingila yake faɗowa a makon ƙarshe na Oktoba. A 2025 wannan mako ya kama daga Litinin 27 zuwa Juma'a 31 ga wata, kuma da shi za a yi lissafi a nan. Bukatarsu ita ce su kwana huɗu a bakin ruwa, yara su shiga jirgin ruwa su kuma taka tudu ko da ɗaya ne, Hajiya ta ga gari ba tare da an wahalar da ƙafarta ba, kuma kada dare ya riske su a inda babu abin hawan komawa.

Kwanan wata da hasken rana

Abu na farko da wannan mako ya zo da shi shi ne sauyin agogo. A Birtaniya ana mayar da agogo baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, wadda a 2025 ta kama 26 ga wata, wato jajibirin tafiyar. Kafin sauyin rana kan faɗi a yankin da misalin ƙarfe shida saura kaɗan, washegarin sauyin kuwa biyar saura kwata ta faɗi, kuma a cikin kwari, inda tsauni ke tare yamma, duhu kan riga wannan lokaci sauka. Ma'anar wannan ga iyalin ita ce duk wani yawo na ƙafa dole ya ƙare kafin ƙarfe huɗu, kuma Azahar da La'asar da Magariba za su faɗo cikin kimanin awa biyar, don haka sai an san tun da safe inda za a tsaya a yi alwala a yi salla. Ribar sauyin ita ce gari yana wayewa da wuri, wajen ƙarfe bakwai, saboda haka wanda ya fita da bas ɗin safe ya ci moriyar hasken da ya rasa da yamma.

Abu na biyu shi ne jadawali. Sufurin yankin yana tafiya ne a kan tsari biyu, na lokacin baƙi da na hunturu, kuma iyakar da ke tsakaninsu kan faɗo a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, galibi da zarar makarantu sun koma. Akwai layukan bas da ke tsayawa baki ɗaya har sai wajen bikin Ista, akwai waɗanda ake rage musu yawan sahu, akwai kuma waɗanda ba sa fashi duk shekara. Makon iyalin ya faɗo a bakin wannan iyaka, kusan komai yana aiki amma yana gab da rufewa. Da tafiyar ta matsa da kwana goma zuwa cikin Nuwamba, da masauki ya fi araha, da cunkoso ya ragu, amma da an rasa wani sashe na abubuwan hawan da za a ambata a ƙasa. Saboda haka mai shiri ba ya dogara da abin da wani ya ba shi labari ya hau a watan Agusta, sai ya buɗe jadawalin ainihin ranar da zai yi tafiya ya karanta har ƙananan rubutun da ke ƙasansa, inda ake bayyana wane sahu ne ba ya fita ranar Lahadi ko ranar da babu makaranta.

Inda za a kwana

A ganina wannan shi ne hukuncin da duk sauran shirin ya rataya a kansa, kuma a nan ne marasa mota suka fi yin kuskure, domin hoton gida mai kyau a gefen tsauni yana da saurin jan hankali, talla kuma ba ta faɗin cewa tashar bas mafi kusa tana da nisan tafiyar minti arba'in a kan siririyar hanya marar fitila. Kafin a zaɓi masauki sai a fara fahimtar yadda ƙashin bayan sufurin yankin yake.

Babban layin dogo da ya tashi daga Landan zuwa Sikotland yana ratsa gefen gabas na yankin, yana tsayawa a Oxenholme da Penrith. Daga Oxenholme ne wani ƙaramin reshe mai tsawon kimanin kilomita 16 ya ɓalle, ya bi ta Kendal da Burneside da Staveley ya ƙare a Windermere. An buɗe reshen a 1847. Da farko an so a kai shi har bakin ruwa kusa da garin Ambleside, amma tsadar aiki da adawar wasu mazauna yankin, cikinsu har da mawaƙin nan William Wordsworth wanda ya fito fili ya soki shirin a 1844, suka sa aka tsaya a wani ƙauye mai suna Birthwaite, wanda daga baya ya ari sunan tafkin. Sakamakon wannan tsohuwar taƙaddama yana nan har yau: matafiyin da ya sauka a tashar Windermere ba zai ga ruwa ba, sai ya gangara kimanin kilomita biyu da rabi zuwa Bowness, inda jiragen ruwa suke. Reshen layi ɗaya ne tal, jirgi ɗaya ke bin sa a lokaci guda, shi ya sa ba a samun fiye da kamar jirgi ɗaya a awa. Garin Keswick da ke arewa, a bakin tafkin Derwentwater, ya rasa tasa tashar tun 1972, sai dai a sauka a Penrith a shiga bas mai lamba X4 ko X5.

Daga bakin tashar Windermere bas ke karɓar aiki. Mafi muhimmanci shi ne mai lamba 555 na kamfanin Stagecoach, wanda ke tasowa daga Lancaster, ya bi ta Kendal da Windermere da Ambleside da Grasmere ya ƙare a Keswick, kullum, rani da hunturu. Sai mai lamba 599, wanda samansa a buɗe yake a lokacin baƙi, yana kai da kawowa tsakanin Bowness da Grasmere. Duk wanda ya kwana a kan wannan hanya, wadda ake kira A591, yana da abin hawa fiye da ɗaya, wanda kuwa ya kauce mata ya dogara ne da layi ɗaya mai sahu kaɗan.

Garuruwa huɗu ne suka cancanci a auna su. Bowness yana bakin ruwa, ya fi kowanne yawan jirage da wuraren cin abinci, amma a makon hutun makaranta cike yake maƙil, titunansa kuma hawa da gangara ne, sannan bas 555 ba ya bi ta cikinsa, don haka duk tafiya zuwa Keswick sai an sauya mota ko an fara hawa zuwa tasha. Grasmere ƙauye ne mai kyau da natsuwa, sai dai kantunan cefane kaɗan ne, babu kuma babban jirgin fasinja a tafkinsa. Keswick yana da tashar bas mai kyau da babban kanti a jikinta, kuma daga nan ne ake shiga kwarin Borrowdale, amma zuwa can daga Manchesta ya ƙunshi doguwar tafiyar jirgi sannan wajen minti arba'in ko fiye a bas da kaya da tsohuwa. Ambleside kuwa yana kan 555 da 599, daga cikinsa ne kuma 505 ke wucewa zuwa Hawkshead da Coniston, 516 ke shiga kwarin Langdale, yana da kantuna da kantin magani, sannan yana tsakiya tsakanin kudu da arewa.

Aibin Ambleside ɗaya ne, wato tsakiyar garin ba ta bakin tafki. Ruwan yana Waterhead, kusan kilomita ɗaya da rabi kudu da gari, inda tashar jirgin ruwa take, inda kuma bas-bas ɗin da ke fitowa daga Windermere ke tsayawa kafin su shiga gari. Saboda haka shirin ya tsaya a kan Waterhead: gidan haya mai ɗakin girki, wanda bai wuce tafiyar minti biyar daga tashar bas ba, mai ɗakin kwana ɗaya a ƙasa domin Hajiya. Akwai masaukin matafiya na ƙungiyar YHA a daidai bakin ruwan, mai ɗakunan iyali da ɗakin girki na tarayya, ga wanda kuɗinsa bai kai hayar gida sukutum ba. Tambayoyin da za a aika wa mai gida kafin a biya kuɗi su ne: minti nawa ne a ƙafa zuwa tasha, akwai hawa a hanyar ko babu, akwai fitilun titi, matakala nawa ce zuwa ƙofa, ƙarfe nawa ake ba da makulli, kuma za a iya ajiye kaya idan an iso da wuri. Mai mota ba ya damuwa da ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin motarsa ce ma'ajiyarsa da mafakarsa. Yawancin gidajen haya na yankin suna ba da gajeren zama daga Litinin zuwa Juma'a, wanda ya yi daidai da bukatar iyalin, ya kuma kuɓutar da su daga tafiyar ƙarshen mako, lokacin da aka fi rufe layin dogo don gyara a maye gurbin jirgi da bas.

Tikiti da ranar zuwa

Daga Manchesta akwai jiragen kamfanin Northern da ke zuwa Windermere kai tsaye a wasu sa'o'i na yini, akwai kuma hanyar sauyawa a Oxenholme, tafiyar duka ba ta cika wuce awa biyu ba. Ga wannan iyali jirgin kai tsaye ya fi, ko da zai sa su jira, domin sauya jirgi da akwatuna da yara biyu da mai ciwon gwiwa cikin 'yan mintoci shi ne wurin da shiri ke warwarewa. A lokacin kaka ma jirage sun fi yin latti, saboda ganyen da ke zuba a kan dogo yana niƙewa ya zama santsi, direbobi su rage gudu su kuma fara taka birki tun daga nesa. Idan dole sai an sauya, a sayi tikiti ɗaya daga farkon tafiya zuwa ƙarshenta, domin idan lattin jirgin farko ya sa aka rasa na biyu, ana da damar shiga na gaba. Katin rangwame na Family & Friends yana rage kashi ɗaya cikin uku ga manya har mutum huɗu, da kashi 60 cikin 100 ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15, muddin ana tafiya tare da yaro, kuma ga mutum biyar tafiya ɗaya tana iya mayar da babban sashe na kuɗinsa. Tikitin da aka saya tun da wuri ya fi araha amma yana ɗaure mutum a kan jirgi guda. Akwai kuma tsarin neman taimako a tasha ga masu lalurar tafiya, wanda ake yin rajistarsa kafin ranar, kuma ya dace a yi wa Hajiya.

Kuɗin bas ya yi sauƙi tun da gwamnati ta sa iyaka ga farashin tafiya ɗaya a Ingila, fam 2 daga Janairun 2023, sannan fam 3 daga Janairun 2025. A kan wannan farashi manya uku za su je Keswick su dawo a kan fam 18, ban da kuɗin yara, tafiyar da a da ta fi haka tsada ƙwarai. Sai dai kowane hawa kuɗinsa daban, don haka ranar da za a hau a sauka sau huɗu ko biyar, tikitin yini na iyali zai iya fin araha, akwai ma wanda ya haɗa bas da jirgin ruwa. Ana biya da kati a wurin direba.

Maganar abinci gajeriya ce. Naman halal yana da wuyar samu a ƙananan garuruwan yankin, saboda haka a saye shi a unguwar Cheetham Hill ko Rusholme ta Manchesta a daskarar da shi a taho da shi cikin jakar sanyi, tare da yaji da duk abin da Hajiya ba ta iya cin abinci sai da shi. Sauran cefane a yi shi a kantin Booths, wanda ke cikin tsohon ginin tashar Windermere, kafin a shiga bas. Kowa jaka ɗaya da zai iya ɗauka da kansa, da rigar ruwa ta gaske da takalmi mai kama ƙasa, domin lema ba ta jure iskar tafki.

Kwana uku na tsakiya

Shirin bai ɗaure kowace rana da wurinta ba. An tanadi fita uku, kowace da irin yanayin da take bukata, kuma kowane dare bayan Isha za a duba hasashen yanayi na hukumar Met Office da na tsaunuka da hukumar gandun ke bayarwa, sannan a zaɓi ta gobe. Dalili shi ne wannan yanki yana cikin mafi ruwan sama a Ingila. Ƙauyen Seathwaite da ke ƙarshen Borrowdale yana samun sama da milimita 3,000 a shekara, kuma kaka da hunturu ne suka fi jiƙa. A Disambar 2015, lokacin guguwar da aka sa wa suna Desmond, an auna milimita 341 cikin awa 24 a mashigar Honister, ruwa ya cinye wani sashe na hanyar A591 tsakanin Grasmere da Keswick, ba a sake buɗe ta ba sai a watan Mayun 2016. Irin wannan ba kullum yake faruwa ba, amma yana nuna cewa babbar hanya ɗaya ce ta haɗa kudancin yankin da arewacinsa, kuma idan ta toshe bas ma ya tsaya.

Fita ta farko ta jirgin ruwa ce, ita ce kuma aka ajiye wa ranar yayyafi, tun da manyan jiragen suna da rufaffen ɗaki mai ɗumi. Windermere shi ne tafki mafi girma na halitta a Ingila, tsawonsa kimanin kilomita 17, kuma kamfanin Windermere Lake Cruises yana zirga-zirga a kansa duk shekara in ban da ranar Kirsimeti. Daga Waterhead zuwa Bowness rabin awa ne da 'yan kai, daga Bowness zuwa Lakeside a ƙarshen kudu kuma kimanin minti arba'in. Wasu daga cikin jiragen tsofaffi ne masu tarihi, Tern an ƙera shi a 1891, Teal a 1936, Swan a 1938. A Lakeside akwai gidan kallon kifaye, akwai kuma jirgin ƙasa mai aiki da tururi da ke tafiyar kimanin kilomita biyar zuwa Haverthwaite, wanda aka tsara lokutansa su dace da isowar jirgin ruwa, kuma yana cikin abubuwan da ke daina aikin kullum da shigowar Nuwamba. Wannan yini Hajiya ba za ta taka fiye da 'yan mitoci tsakanin abin hawa da abin hawa ba. Abin lura shi ne Lakeside ba ya kan hanyar manyan bas-bas, saboda haka lissafi yana farawa ne daga jirgin ƙarshe da zai tashi daga Bowness zuwa Waterhead, a koma baya a ga wane jirgi ne daga Lakeside zai riske shi, sannan a hau wanda ke gaban wannan. Idan an makara a Bowness da sauƙi, domin 599 yana nan.

Wannan ƙa'ida ta fara lissafi daga abin hawan ƙarshe ita ce ta fi wuyar zama a zuciyar wanda ya saba da tashar mota ta gida, inda mota ke jiran ta cika, kuma ko an yi dare ba a rasa mai acaɓa ko mai ɗan sahu. A nan bas yana tashi a kan lokacinsa ko da babu kowa a ciki, a ƙananan tashoshi ba ya tsayawa sai an ɗaga masa hannu, tasi kuma kaɗan ne, sai an kira tun da wuri, mai ɗaukar mutum biyar ya fi wuyar samu, ga shi a cikin wasu kwaruruka waya ba ta samun sabis balle a kira. Don haka ake ɗaukar hoton jadawali a waya kafin a fita, ko a karɓi ɗan littafin da ake rabawa kyauta a ofisoshin baƙi.

Fita ta biyu ita ce Keswick, an kuma ajiye ta ga ranar da ta fi kowace haske. Tafiyar 555 daga Ambleside kimanin minti arba'in da biyar ce, kuma wanda ya samu kujerar gaba a benen bas ya riga ya ci rabin kuɗinsa, domin hanyar tana bi ta gefen tafkunan Rydal da Grasmere, ta haura mashigar Dunmail Raise, ta gangara gefen Thirlmere. Wannan na ƙarshe ya shafi iyalin kai tsaye, domin hukumar birnin Manchesta ce ta datse shi a ƙarshen ƙarni na 19, tun 1894 kuma ruwansa ke gangarawa da kansa ta magudana mai tsawon kimanin kilomita 154 zuwa famfunan birnin. Daga tsakiyar Keswick zuwa bakin Derwentwater tafiyar minti goma sha biyar ce a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ƙananan jiragen katako na Keswick Launch suna zagaye tafkin cikin kimanin minti hamsin, suna tsayawa a matsayai da dama. A nan iyalin zai rabu biyu. Maigida da babban yaro za su sauka a Hawse End su hau tudun Cat Bells mai tsayin mita 451, wanda duk da ƙanƙantarsa yana da wurare biyu da sai an dafa dutse da hannu, kuma suna santsi idan an yi ruwa. Uwargida da Hajiya da ƙaramin za su kammala zagayen, su taka zuwa Friar's Crag, inda ake hango tsawon tafkin, idan sanyi ya matsa su shiga gidan tarihin fensir da ke cikin gari. Akwai sharaɗi a kan masu hawa: idan ruwan tafkin ya cika, wasu matsayan kan nutse jirgi ya daina tsayawa a kansu, saboda haka sai an tambayi ma'aikatan jirgi da baki tun kafin a sauka, an kuma yanke lokacin juyowa ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba.

An duba yiwuwar ƙarawa da tafkin Buttermere ta bas 77 ko 77A, wanda ke zagayawa ta Honister, an kuma fasa. Layin na lokacin baƙi ne, motar ƙarama ce saboda ƙuncin hanya, tana iya cika a makon hutu ta bar mutane a tasha, sahunta kaɗan ne, kuma daga Waterhead zai zama bas biyu zuwa, biyu dawowa, a yinin da haskensa bai kai awa goma ba. Wanda ya kwana a Keswick zai iya, wanda ya kwana a Waterhead kuwa ganganci ne. Haka aka yi da tafkin Ullswater, wanda bas 508 ke kaiwa ta kan mashigar Kirkstone a lokacin baƙi kawai. Idan lokaci ya ragu a Keswick, bas 78 da ke shiga Borrowdale duk shekara ya isa ya nuna musu dazuzzukan kwarin cikin launin kaka ba tare da wata kasada ba.

Fita ta uku ta kusa ce, ta dace da ranar da yanayi bai tsaya wuri ɗaya ba. Bas zai kai su Grasmere, Hajiya da wanda zai zauna da ita su tsaya a ƙauyen, sauran su bi gefen tafkin su haura Loughrigg Terrace, su gangara ta kogon Rydal, wanda tsohon ramin haƙar dutse ne, su fito hanya a Rydal. Darajar wannan yawo ga marar mota ita ce bai taɓa yin nisa da A591 ba, akwai tasha a White Moss akwai a Rydal, duk inda ruwa ya sauko ko yaro ya gaji sai a yanke a fito titi. A nan ma marar mota ya fi mai mota, domin ba dole ne ya koma inda ya faro ba, ba ya kuma zagayen neman wurin ajiye mota, wanda a makon hutu kan cika tun da hantsi. Idan safiyar ta ɓaci gaba ɗaya, magangarar ruwa ta Stock Ghyll tana bayan garin Ambleside, tafiyar ƙasa da rabin awa, kuma ta fi kyau bayan an yi ruwa.

Akwai wani yawo da ya so shiga shirin, wato a haye da ƙaramin jirgi daga Waterhead zuwa Wray Castle, a taka kimanin kilomita shida a gefen yamma na tafkin cikin itatuwa har Ferry House, a sake hayewa zuwa Bowness. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, kuma a ƙarshen Oktoba da wuya a samu wadda ta fi ta kyau. An bar ta a matsayin zaɓi idan an fita da jirgin farko, saboda ƙananan jiragen biyu na lokacin baƙi ne kuma suna tashi aiki da wuri. Abin da ya sa ba a soke ta ba shi ne akwai mafita a ƙarshenta: jirgin fito mai jan kansa da igiyar ƙarfe, wanda ke ɗaukar motoci da masu ƙafa tsakanin gaɓar yamma da kusa da Bowness, yana aiki har bayan duhu, ko da yake iska mai ƙarfi ko gyara kan tsayar da shi, don haka a tabbatar yana aiki da safen ranar.

Ranar Juma'a ana barin gidan haya da misalin ƙarfe goma, jirgin da aka saya tikitinsa kuma na bayan Azahar ne, domin a isa Manchesta kafin cunkoson yamma. Hanyar Ambleside zuwa Windermere gajeriya ce amma tana cushewa a makon hutu, saboda haka za a shiga bas ɗin da zai kai su tasha da ratar aƙalla awa biyu. Wannan rata ba za ta tafi a banza ba, domin daidai tsallaken titi daga tashar ne hanyar Orrest Head ta fara, tudu mai tsayin mita 238 wanda ake hawa cikin kamar rabin awa, ana hango kusan dukan tsawon tafkin daga kansa. A 2021 an gyara masa wata hanya mai sassauƙan hawa, marar matakala, wadda Hajiya za ta iya gwadawa a hankali idan gwiwa ta yarda. Idan ba ta yarda ba, sai ta zauna da mutum ɗaya da kayan a wurin shan shayi kusa da tasha, masu hawa kuma su sauko saura minti arba'in jirgi ya tashi.